FASHIN BAƘI: An rufe iyakar Bagudo sau biyu, ta yaya marubucin fim zai haɗa jiya da gobe a labari ɗaya?

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na tudu, daidai lokacin da take sauya launin takardun naira, kuma ba a buɗe su ba sai a watan Maris na 1986, bayan an hamɓarar da ita. Ranar 20 ga Agusta, 2019, marigayi Buharin ya sake rufe su, wannan karon yana zaɓaɓɓen shugaban ƙasa. Ga mutanen Lolo da Tsamiya da Illo da Ka'oje a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, waɗanda kasuwancinsu da auratayyarsu ke sarƙe da Segbana da Malanville a Jamhuriyar Benin, abu ɗaya ne ya faɗo musu sau biyu, shekara 35 tsakani. Saurayin da ya tura keke ɗauke da buhu ta cikin jeji yana ɗan shekara 20 a 1984, shi ne dattijo mai shekara 55 da ke zaune a zaure a 2019 yana sauraron ƙarar babur ɗin ɗansa.

Wannan labari ya isa fim. Sai dai duk wanda ya zauna zai rubuta shi, tambayar farko da za ta tare shi ita ce daga ina zai fara. Idan ya ɗauko daga 1984 ya bi shekaru ɗaya bayan ɗaya, rabin fim zai ƙare ba a ma haifi ɗan ba. Idan kuma ya tsaya a 2019 kaɗai, uban ya zama tsoho mai yawan hani wanda mai kallo bai san abin da ya gani a duniya ba. Dabarar da marubuta ke fita da ita daga wannan tsaka mai wuya ita ce waiwaye, wato a katse labarin da ke gudana a nuna abin da ya riga ya wuce, sa'annan a dawo. Takwararta ita ce hangen gaba, inda ake gutsuro abin da bai faru ba tukuna a nuna wa mai kallo. Dukansu biyu sauƙin faɗa gare su, kuma su ne suka fi saurin ɓata fim idan hannun da ya riƙe su bai nuna ba.

Tun kafin kyamara

Masu ganin waiwaye baƙon abu ne da aka aro daga Indiya ko Amurka sun manta da littattafan da aka karanta a firamare. A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Alhaji Imam ya riga ya dawo daga yawon duniya, ya yi arziki, sa'annan yake ba Koje Sarkin Labari tarihin tafiyarsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma haka aka gina shi: malami ne zaune a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, littafin gaba ɗaya kuwa amsar wannan tambaya ce, daga Kagara zuwa ƙasar Larabawa a hannun Abdulkarim, har dawowarsa. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, wanda aka gyara kwafinsa aka sake nunawa a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Abin lura a waɗannan littattafai biyu shi ne, tun shafin farko an kashe wata tambaya. Mai karatu ya san Umar bai mutu a hannun masu satar mutane ba, tunda ga shi zaune yana ba da labari. Abin da ya rage masa ya sani shi ne yadda yaron ya tsira da kuma abin da ya rasa a hanya. Ke nan waiwaye ciniki ne: marubuci na sayar da fargabar "ko zai rayu", ya sayi sha'awar "yaya aka yi". Wanda bai lissafa wannan ciniki ba kafin ya fara, yakan wayi gari ya ba da ƙarshen labarinsa kyauta.

Sai an yi tambaya ake ba da amsa

Babu fim ɗin da ya fi dacewa a koyi lokacin waiwaye daga gare shi kamar Sholay na 1975, wanda tsofaffin masu shiga silima a Kano da Sakkwato suka haddace. Salim Khan da Javed Akhtar, marubutansa, sun bar Thakur yana yawo lulluɓe da mayafi tsawon lokaci ba tare da sun ce komai ba. Sai ranar da mutanen Gabbar Singh suka kai hari ƙauyen, Veeru da Jai suka shiga tsaka mai wuya, ga bindiga a ƙasa kusa da ƙafar Thakur, amma bai ɗauka ba. Da ƙura ta lafa suka tuhume shi da ragwanta, mai kallo ma a zuciyarsa ya tuhume shi. A nan ne kawai aka koma baya, aka nuna yadda Gabbar ya hallaka iyalinsa ya kuma sare masa hannuwa biyu. Da aka dawo, mayafin ya zame.

Da an nuna wannan kisa a minti goma na farko, da bayani ne kawai. Da yake an jinkirta shi har sai da mai kallo ya zargi mutumin, sai ya zama mari, kuma ya sauya abin da jaruman biyu suka yi daga baya, domin sun ajiye maganar lada suka rungumi faɗan. Sharuɗɗa biyu ke nan a fitowa ɗaya: an haifar da ƙishirwar sani tukuna, kuma abin da aka gano a baya ya juya akalar abin da ke gudana yanzu.

A auna labarin Bagudo da wannan ma'auni. A ɗauka ɗan yana kabu-kabu, ciniki ya mutu bayan rufe iyaka, ga kuma umarnin da Hukumar Kwastam ta bayar a Nuwamban 2019 na hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ya haɗa da garuruwan bakin boda. Wani ya yi masa tayin fiton shinkafa da dare. Uban ya hana, bai faɗi dalili ba. Marubuci mai gaggawa zai sa dattijon ya yi tagumi nan take, hoto ya yi dishi-dishi, a tafi 1984. Mai haƙuri zai bari ɗan ya yi masa kallon matsoraci, ya bari maƙwabta su riƙa yin shiru idan an ambaci ƙanen dattijon, ya bari a ga akwai wata mashaya a bakin Kogin Kwara da tsohon ba ya bi ko da ita ce hanya mafi kusa. Ranar da ɗan ya ɗaure jarkoki a babur, uban ya zare makullin ya jefa rijiya, ranar ce mai kallo ya cancanci ya ga daren da kwale-kwale ya kife da 'yan'uwa biyu, ɗaya ya fito. Kuma bayan an dawo dole wani abu ya canja. Ko ɗan ya fasa, ko ya tafi yana sane da abin da yake takawa. Idan bayan waiwayen kowa na nan inda yake, to an tsayar da fim ne kawai an yi hira.

Ciwon da ya zama jiki

A nan ne finafinan Hausa da yawa ke tuntuɓe, kuma ba rashin basira ba ne kaɗai ya jawo. Tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa zamanin kaset da faifai, ana sayar da fim ne kashi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na huɗu, saboda haka tsawo kuɗi ne. Da kasuwa ta koma finafinai masu dogon zango a Arewa24 da YouTube, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So, sai buƙatar cika mintuna kowane mako ta ƙaru. Hanya mafi arha ta cika minti biyar kuwa ita ce a sa jaruma ta kwanta a gado tana hawaye, a sake kunna fitowar da aka gani makon jiya, a cire mata launi, a sa murya ta riƙa amsa-kuwwa. Babu kuɗin lokeshin, babu sallamar ɗan wasa.

Wannan maimaici ne, ko da an kira shi waiwaye. Akwai uzuri ga tunatarwa ta daƙiƙa uku ko huɗu a shirin da ya kai kashi hamsin, tunda ba kowa ne ya kalli kashi na bakwai ba. Amma a sake nuna fitowa sukutum, daga sallama har sai an jima, raina hankalin mai kallo ne, kuma shi mai kallon da ke sayen data da kuɗin guminsa yatsa kawai zai sa ya tsallake. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, amma wanda ya yi ta waiwaye bai ga rami ba. Idan har za a koma ga abin da aka riga aka nuna, to a koma da sabon ido: kyamara ta tsaya a wani gefen, a ga hannun da ya karɓi kuɗi wanda da farko ba a gani ba.

Yadda mai kallo zai san an tashi daga yau

A takarda abin mai sauƙi ne. Kowace fitowa tana da kai, kuma a nan ake rubuta zamanin ƙarara:

WAJE. BAKIN KOGI, LOLO. DARE. 1984, WAIWAYE.

Idan an gama a rubuta DAWOWA 2019. Wannan rubutu na ma'aikata ne. Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda aka rubuta shi, ana ɗaukar duk abin da ya shafi wuri ɗaya ne a rana ɗaya, saboda haka mai kwalliya da mai sutura da mai kula da kwantiniti da mai tace hoto duk da wannan layi suke aiki. Inda aka bar shi a duhu, nan ake ganin furfurar da ta ɓace ta dawo a fitowa ɗaya.

A fuskar allo kuwa, yawancin masu shirya fim sun dogara ne da rubutu a ƙasan hoto, "shekara 35 da suka wuce", galibi ma da Turanci. A yanki irin Bagudo wannan igiya ce ruɓaɓɓiya. Masu kallon fim ɗin Hausa a can sun haɗa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Bokawa da Kyangawa. Wasu a tsallaken iyaka da Faransanci suka yi makaranta, wasu ajami suka iya, kuma mutum biyar ne ke leƙen waya ɗaya a gindin bishiya. Rubutun da ya yi daƙiƙa uku ya ɓace ba zai ɗauki nauyin shekara 35 ba. Dole hoton da kansa ya faɗi shekararsa.

Sa'ar da marubucin wannan labari ya taka ita ce tarihin iyakar cike yake da alamomi. A 1984 babu Jihar Kebbi, sai 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro ta, don haka duk allon hukuma da za a gani dole ya ce Jihar Sakkwato. Babbar takardar kuɗi a lokacin naira 20 ce mai hoton Murtala, naira 50 ba ta zo ba sai 1991, naira 1,000 kuwa sai 2005. A farashin gwamnati naira ɗaya ta fi dala ɗaya, abin da zai sa ɗan kasuwar Malanville ya karɓe ta da hannu biyu, saɓanin yadda sefa ke mata kallon hadarin kaji a yau. Tutar da ke kaɗawa a tsallake ma ba wadda aka sani yanzu ba ce, domin daga 1975 zuwa 1990, zamanin mulkin gurguzu na Mathieu Kérékou, tutar Benin kore ce mai jan tauraro a kusurwa. Babu wayar salula a lokacin, babu babur Boxer, sai keke da jaki da kwale-kwale da tsofaffin Peugeot. Ga kuma fari, wanda ya haɗu da rufe iyakar har Hausawan Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari.

Ita ma 2019 ta riga ta zama jiya, kuma a nan aka fi yin sakaci saboda ana ganin kusa ce. Litar fetur naira 145 ce a gidan mai. Sabbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ba su fito ba sai ƙarshen 2022. Ɗan wasan da ya zaro sabuwar dubu ɗaya a fitowar 2019 ya rushe ginin, kuma ɗan canji a Tsamiya zai gane kafin darakta.

Bayan alamomi akwai ƙofar shiga. Waiwaye mai kyau yakan bi ta wani abu da ke cikin fitowar: ƙarar makulli da ya faɗa rijiya ta zama ƙarar filafili a ruwa, ko hasken tocilan a fuskar ɗan ya zama hasken aci-balbal a fuskar ƙanen uban. Marubutan Ghajini na 2008 sun yi amfani da kundin da jarumin ya rubuta, sai wani ya buɗe shi ake komawa baya, kuma inda rubutun ya tsaya nan waiwayen ke tsayawa. Kowace ƙofa aka zaɓa, a riƙe ta har ƙarshe. Fim ɗin da ya yi amfani da hoto maras launi don tuna baya, ya sake amfani da shi don mafarki, ya kuma yi waƙar soyayya a cikinsa, ya koya wa mai kallo harshe uku da baƙi ɗaya.

Tunanin wa ake nunawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ita aka fi tsallakewa. A littafin Shaihu Umar, malamin na ba da labarin abubuwan da suka faru yana jariri, da wahalar da mahaifiyarsa ta sha tana nemansa har Tarabulus, alhali ba ya wurin. Kunne na karɓar wannan, domin an san labari ake bayarwa, kuma wani ne ya faɗa masa. Ido ba haka yake ba. Gani ya kori ji, kuma duk abin da kyamara ta nuna, mai kallo na ɗaukarsa shaida.

Alfred Hitchcock ya gwada karya wannan amana a Stage Fright na 1950, inda ya buɗe fim da waiwayen wani mutum da ke bayyana yadda aka yi kisa, daga ƙarshe ta tabbata ƙarya ya shirga. Masu kallo da yawa sun ji an yaudare su, shi kansa daga baya ya amsa cewa kuskure ne. A shekarar dai Akira Kurosawa na Japan ya fitar da Rashomon, inda mutum huɗu suka ba da labarin mutuwa ɗaya, aka nuna kowanne a hoto, kuma suka saɓa wa juna. Bambancin shi ne Kurosawa ya sanar da mai kallo tun wuri cewa bakin mutane yake nunawa.

Ga labarin iyaka wannan ya wuce batun gwaninta. Idan aka yi harbi a shingen bincike da dare, jami'i na da nasa bayanin, ɗan fito na da nasa, mai shayin da ke gefe na da nasa, kuma duk ɗan jaridar da ya taɓa bin irin wannan lamari ya san da wuya su zo ɗaya. Marubucin da ya ɗauki bakin mutum ɗaya ya mayar da shi hoto ba tare da ya nuna na wane ne ba, ya yanke hukunci ke nan a kan jami'ai ko a kan gari guda, alhali yana cewa labari kawai yake bayarwa. Mutanen da yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasarsu ta Bargu gida biyu, Illo da Busa a hannun Ingilishi, Nikki a hannun Faransa, sun daɗe ana yi musu kuɗin goro da sunan 'yan fasa-ƙwauri. Ga kuma haɗarin zamani: ana yanko minti ɗaya daga fim a watsa a TikTok ko WhatsApp babu rubutun shekara, babu sunan fim, har wasu su ɗauka abin da ya faru jiya ne. Fitowar da tufafinta da kuɗinta da tutarta suka faɗi shekararta ta fi wuyar a yi ƙarya da ita.

Bashin da ake ci daga gobe

Hangen gaba bai kai waiwaye yawa ba, kuma dalilin a fili yake: mutum na tuna jiya, amma ba ya tuna gobe. Saboda haka ba tunanin kowa ba ne a cikin labarin, hannun marubuci ne tsirara. Ga mai kallo Bahaushe akwai ƙarin tarko, domin idan aka nuna fuskar jarumi sa'annan aka yanka zuwa abin da zai faru, zai ɗauka mafarki ne ko duba, alhali sanin gaibu sai Allah. Shi ya sa ya fi aminci a ajiye shi a farkon kashi, kafin a ga fuskar kowa.

Haka masu Breaking Bad suka yi a zango na biyu a 2009. Sun riƙa buɗe wasu kashi da hoto maras launi na gidan jarumin, ga 'yar tsana mai ruwan hoda a ƙone tana yawo a tafkin wanka, ba su yi bayani ba sai a kashin ƙarshe, inda ta tabbata jiragen sama biyu ne suka yi karo a sama, kuma silar ta komo kan jarumin. Sun ci bashi, sun biya, kuma abin da suka biya ba shi ne wanda aka zata ba. Wanda zai yi irin wannan dole ya san ƙarshen labarinsa kafin ya kunna kyamara. A masana'antar da ake rubuta kashi na gaba ana cikin haska na yanzu, kuma 'yan wasa ke iya ajiye aiki a tsakiyar tafiya, kamar yadda Nafisa Abdullahi ta bar Labarina har Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, nuna fuskar wani a fitowar da sai baɗi za a iso ta caca ce.

A labarin Bagudo hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe da babur kwance a bakin kogi, taya na juyawa, shinkafa ta zube a laka, sa'annan a koma kwana arba'in baya. Zai yi aiki, sai dai an sha gani. Akwai wanda ya fi shi ciwo. An buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum ranar 16 ga Disamba, 2020, ta Kamba a Kebbi kuwa sai Afrilun 2022. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, farashi ya ninka a cikin gida, man da 'yan Benin ke kira kpayo ya yi tashin gwauron zabo, ribar tsallaka da jarka ta zube. Marubuci na iya buɗe fim ɗinsa da daƙiƙa talatin a wani tsakar gida a daminar 2023: jarkoki ashirin a jibge babu kowa a kansu, kaji na kwana a bayansu, wata mata ta yanke bakin ɗaya tana shuka tattasai a ciki. Daga nan a koma Nuwamban 2019, a ga saurayi na ƙirga kuɗin sadakin da ya tara, yana sayen jarkokin nan sababbi, ɗaya bayan ɗaya.